Mabuɗi Ya Ƙi Buɗe Ƙofa: Dalilan da Ke Sa Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Lambar Lasisi

Daga cikin ayyukan da mai kula da ɗakin kwamfuta na makaranta ba ya iya kauce musu, akwai goge na'ura a sake zuba mata babbar manhaja. Babbar manhaja, ga wanda bai sani ba, ita ce uwar sauran manhajoji. Ita ke fara farkawa idan an kunna kwamfuta, ita ke raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa da faifan ajiya da allon rubutu, kuma a bisa kanta ne manhajar rubutu da ta lissafi da ta shiga intanet suke zaune. Wadda ta fi yaɗuwa a makarantu da ofisoshi ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka. Idan ta rikice, ko bairos ya ci ƙarfinta, ko faifan ajiya ya mutu aka sa sabo, to babu makawa sai an sake zuba ta.

Shi kansa aikin ba wani mai wuya ba ne. Filashi mai gigabait 8 ya isa, manhajar kuwa kamfanin ya ajiye ta a shafinsa, kowa na iya saukowa da ita. Inda gizo yake saƙar shi ne lokacin da na'ura ta fito da wani ɗan akwati, ta nemi a rubuta mata haruffa da lambobi 25, wato mabuɗin lasisi. Mutum ya kwafo su daga takardar da ke manne a gindin kwamfutar, ya duba sau biyu, ya danna, sai ta ce ba ta san zancen ba. Tun daga shekarar 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, wannan ya daina zama damuwar masu gyara kaɗai. Malamin da ya goge na'urori arbaʼin ana saura mako biyu ɗalibai su fara gwaji ya san nauyin wannan ɗan akwati.

Mafi yawan ruɗanin ya samo asali ne daga ɗaukar mabuɗi a matsayin lasisi, alhali ba abu ɗaya ba ne. Lasisi izini ne na amfani da wani nau'i na manhaja a kan wata na'ura bisa wasu sharuɗɗa. Mabuɗi kuwa shaida ce kawai da ake nunawa a bakin ƙofa. Akwai mai mabuɗi a hannu wanda ba shi da lasisi, akwai kuma mai lasisi ingantacce wanda ko kaɗan ba ya bukatar rubuta mabuɗi. Har ila yau, ba mai gadi ɗaya ke duba shaidar ba. Su uku ne a jere, kuma kowannensu da abin da yake sa ya ce a'a.

Mai gadi na farko: siffar mabuɗi

Na farkon yana cikin filashin da ake zuba manhajar da shi, kuma ba ya bukatar intanet. Abin da yake dubawa shi ne ko haruffan da aka rubuta sun dace da ƙa'idar lissafin da kamfanin ya gina mabuɗansa a kai.

A zamanin Windows 95 ƙa'idar tana da sauƙi har ta ba da dariya. Mabuɗin lambobi goma ne, uku a gaba, bakwai a baya. Babban sharaɗin shi ne idan aka tara lambobi bakwai na baya, jimlar ta rabu da 7 ba tare da saura ba. Ke nan wanda ya rubuta 1 sau bakwai ya wuce, tunda jimlarsu 7 ce. Ɗalibin da ya fara karanta ilimin yiwuwa zai iya gane cewa ko da ka mutum ya rubuta lambobin, kusan sau ɗaya cikin bakwai zai dace. Wannan kulle na hana kuskuren hannu ne, ba na hana ɓarawo ba.

Mabuɗi mai gurabe 25, wanda aka kasa gida biyar, ya gyara wannan. An zaɓi alamomi 24 kacal da ake amfani da su: baƙaƙe 17, wato B, C, D, F, G, H, J, K, M, P, Q, R, T, V, W, X da Y, sai lambobi 7, wato 2, 3, 4, 6, 7, 8 da 9. An cire wasula duka, don kada haruffa su haɗu su ba da wata kalma, an kuma cire 0 da 1 da 5 da L da S da Z saboda ido yakan rikita su da juna. Daga Windows 8 ne aka fara ganin harafin N a cikin mabuɗi. Idan aka ninka 24 da kanta sau 25, za a sami adadi mai gurabe 35, kuma ƙalilan ne ƙwarai a cikin wannan tarin suke ɗauke da sa hannun lissafi na kamfanin. Cinta da ka ta ƙare ke nan.

Amfanin sanin wannan ga mai zuba manhaja a bayyane yake. Duk wanda ya ga kamar akwai O ko S ko 5 a kan sitikar da ta kwana biyu, to idonsa ne ya yaudare shi: abin da ya ɗauka O ne wataƙila Q ne ko D, abin da ya ɗauka S ko 5 ne wataƙila 6 ne ko 8. Duk da tsantsenin da aka yi, B da 8 suna kama, haka G da 6, haka V da Y, musamman a sitikar da zafin na'ura da gogayyar cinya suka kankare. Ɗaukar hoton sitikar da waya a faɗaɗa shi yakan warware abin da ido tsirara ya kasa.

Akwai kuma wani tarko da ya fi kama masu kwamfutocin da suka fito daga Faransa ko Beljiyam, irin waɗanda suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Jerin haruffan allon rubutunsu ya bambanta da na Ingilishi: Q tana mazaunin A, W tana mazaunin Z, M ta koma wani wuri, lambobin layin sama kuma sai an haɗa da maɓallin manyan haruffa suke fitowa. Idan a farkon zubawa aka bar manhajar a kan tsarin allon Amurka, mutum zai danna Q ta fito A, ya danna W ta fito Z, kuma duka biyun ba sa cikin haruffan mabuɗi. Maganin bai wuce komawa baya a zaɓi tsarin allon da ya dace ba.

Mai gadi na biyu: aji da zubi

Windows ba guda ɗaya ba ce. Akwai zubi-zubi, kamar 7 da 8 da 10 da 11, kuma kowane zubi yana da azuzuwa: Home ta gida, Pro ta ma'aikata, Education ta makarantu, Enterprise ta manyan kamfanoni. Har cikin Home akwai wata mai suna Home Single Language, wadda ake yawan zuba wa kwamfutoci masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a Afirka da Asiya. Kowane mabuɗi ajinsa kaɗai yake buɗewa. Tikitin jirgin ƙasa na ƙaramin aji ba jabu ba ne, amma ba zai zaunar da mai shi a babban tarago ba.

A nan ne masu gyara na kasuwa suke yawan jefa mutane cikin wahala. Da yawansu filashi ɗaya suke yawo da shi, kuma duk na'urar da aka kawo musu Pro suke zuba mata, don a ganinsu ta fi daraja. Na'urar da lasisinta na Home ne sai ta wayi gari da Pro a kanta, mabuɗinta na asali ya zama baƙo a gidansa. Lambar kuskuren da takan fito a irin wannan hali ita ce 0xC004F210. Daga Home ana iya hawa zuwa Pro ba tare da an goge komai ba, in akwai mabuɗin Pro. Saukowa daga Pro zuwa Home kuwa sai an sake zubawa daga tushe.

Shi kansa kamfanin ya sha jefa masu lasisi na halal cikin irin wannan ruɗani. A 2013, da aka fitar da Windows 8.1 kyauta ga masu Windows 8, faifan zuba 8.1 ya riƙa ƙin mabuɗin 8, alhali bayan an gama zubawa mabuɗin nan yana aiki lafiya lau.

Babban canjin da ya kamata kowane malamin kwamfuta ya sani ya faru ne a 2012. Kafin wannan shekara, masu ƙera kwamfuta irin su Dell da HP da Lenovo suna manna sitika mai ɗauke da mabuɗi a jikin kowace na'ura. Daga Windows 8 aka daina. Mabuɗin ya koma cikin babban allon na'urar, wanda masu gyara ke kira madabod, an rubuta shi a wani ɗan teburin bayanai mai suna MSDM a cikin manhajar tayar da na'ura. Goge faifan ajiya ba ya taɓa shi, canza faifan ma haka. Manhajar zubawa da kanta take karanto shi, ta zaɓi ajin da ya dace ba tare da ta tambayi kowa ba. Shi ya sa wanda ya sayi mabuɗin Pro ya zo zubawa a na'urar da aka ƙera da Home yakan tarar an zuba masa Home ba shawara. Ba kuskure ba ne. Sai ya bari a gama, sannan ya shigar da mabuɗinsa na Pro daga wurin saituna. Mai son ganin mabuɗin da ke binne a madabod zai iya buɗe PowerShell ya rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey. In layi ya fito fayau babu komai, to na'urar ba ta da shi.

Mai gadi na uku: tarihin mabuɗi

Na ukun shi ne mai wuyar sha'ani, domin ba ya cikin ɗakin ma sam. Yana can cikin manyan kwamfutocin kamfanin, ana isa gare shi ta intanet, kuma yana riƙe da kundin kowane mabuɗi: sau nawa aka yi amfani da shi, a kan wace na'ura, kuma ta wace hanya aka sayar da shi.

An kafa wannan tsari ne da Windows XP a 2001. Manhajar takan dubi sassa goma na na'ura, kamar ƙwaƙwalwa da faifan ajiya da katin sadarwa, ta sarrafa lambobinsu ta fitar da wata lamba guda da ke zama kamar zanen yatsan wannan na'ura, sannan ta aika da ita tare da mabuɗin. An ba mutum kwana 30 ya yi wannan tabbatarwa, in ya wuce a rufe masa ƙofa. Manyan ma'aikatu kaɗai aka ɗauke wa wannan wahala, aka ba su mabuɗin da ba ya bukatar tabbatarwa. Tun kafin ranar 25 ga Oktoba 2001 da aka ƙaddamar da XP, ɗaya daga cikin irin waɗannan mabuɗai, mai farawa da FCKGW, ya sulale ya bazu a duniya, har masu sayar da faifan jabu suna rubuta shi da alƙalami a bayan faifai. Da kamfanin ya fitar da babban gyara na farko a 2002, sai gyaran ya ƙi hawa kan duk na'urar da ke ɗauke da shi. Daga nan aka san cewa mabuɗi yana iya aiki yau a toshe shi gobe.

Hukuncin wannan mai gadi ya danganta da irin lasisin. Lasisin da mai ƙera kwamfuta ya zuba, wanda ake kira OEM, na wannan na'ura ne har ta mutu. Ba a ɗauke shi a kai wata, kuma canza madabod a wurinsa daidai yake da sayen sabuwar na'ura. Lasisin da mutum ya saya daban a kanti ko a shafin kamfanin yana iya ƙaura, muddin an cire shi daga tsohuwar na'urar. Idan kundin ya nuna mabuɗi ya riga ya zauna a wata na'ura, ko ya cika adadinsa, lambar da ke fitowa ita ce 0xC004C008. Idan kuwa an toshe shi ne, akan ga 0xC004C003.

Na uku a cikin ire-iren lasisi shi ne na jumla, wanda ma'aikatu da jami'o'i ke saye, kuma shi ne ya fi shafar masu sayen kwamfuta ta hannu. Yawancin kyawawan na'urorin da ake jibgewa a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Farm Centre ta Kano daga ofisoshin Turai da Amurka suka yi ritaya. A irin waɗannan ofisoshi akan yi amfani da tsarin KMS, wanda aka shigo da shi tare da Windows Vista: ma'aikatar tana da tata babbar kwamfutar da ke sabunta izinin sauran, kowace na'ura tana leƙa ta duk kwana bakwai, izinin kuma kwana 180 yake ɗauka. Na'urar da aka raba da ofishinta za ta ci gaba da nuna komai daidai har wata shida, sannan wata rana ta fara neman uwar gijiyarta da ke wata nahiya, ta rasa, ta fito da 0xC004F074. Mai ita zai rantse bai taɓa komai ba, kuma gaskiyarsa ne. Abin farin ciki shi ne da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna da nasu mabuɗin na Pro binne a madabod, wanda ofishin bai taɓa amfani da shi ba. Zubawa daga tushe da manhaja ta asali takan fito da shi.

Ƙofar da aka rufe a 2023

Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, kuma ta zo da abin da ya rage wa mabuɗi daraja ƙwarai, wato lasisin dijital. Da zarar na'ura ta tabbatu sau ɗaya, kamfanin yana ajiye zanen yatsanta a kundinsa. In aka sake zuba mata aji ɗaya, ba a bukatar rubuta komai: a ƙasan akwatin nan akwai ɗan rubutu da ke cewa ba ni da mabuɗi, shi za a danna, a zaɓi ajin da take da shi a da, a haɗa ta da intanet, ta gane kanta. Mutane da yawa sun ɓata kwanaki suna faɗa da akwatin da ya kamata su tsallake. Wasu kuma kafin su goge na'ura sukan sa wata manhaja ta tono musu mabuɗi, su rubuta shi a takarda su adana, ba su san cewa na gama-gari ne ba. Mabuɗin da ya ƙare da 3V66T, alal misali, yana kan miliyoyin na'urori masu Pro. Aji kawai yake nunawa, ba ya tabbatar da kowa.

An ba masu Windows 7 da 8 damar hawa 10 kyauta na shekara guda, zuwa 29 ga Yuli 2016. Wa'adin ya cika amma ba a rufe ƙofar ba, mabuɗan tsofaffin sitika suka ci gaba da tabbatar da Windows 10 har shekara bakwai bayan haka, masu gyara suka saba da hakan kamar doka ce. A watan Satumba 2023 kamfanin ya rufe ta. Na'urar da ta riga ta hau kafin lokacin tana nan da lasisinta na dijital. Wadda ba ta hau ba, ko wadda aka canza wa madabod daga baya, sitikarta ta Windows 7 ba za ta ƙara buɗe 10 ko 11 ba, ko da kowane harafi ya fito raɗau. Wannan shi ne sanadin ƙin mabuɗi da ya fi ɗaure wa tsofaffin masu gyara kai, domin abin da suka yi sau ɗari yana aiki ne ya daina rana ɗaya.

Ga wanda ya canza madabod, tun 2016 akwai hanyar ɗaure lasisin dijital da asusun Microsoft na mai na'ura, ta yadda zai iya shaida wa kamfanin cewa ya canza kayan ciki ne. Sai dai ɗaurin kafin canjin ake yin sa, kuma ya fi tabbata ga lasisin da aka saya daban.

Wani lokacin ma laifin ba na mabuɗi ba ne ko kusa. A kan madabod akwai ɗan batir mai kama da kwabo, wanda a yawancin na'urori ake kira CR2032, shi ke riƙe agogo idan an kashe wuta. In ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, kwamfutar kamfanin kuma ba ta yarda ta yi magana ta sirri da na'urar da agogonta ya saɓa. Lambar wannan kuskure 0x80072F8F ce. Gyara kwanan wata, da sabon batir da bai kai kuɗin katin waya ba, sun wadatar.

In duk an bi an rasa

Ƙin mabuɗi ba ya cinye takardun kowa. Zamanin da XP ke rufe ƙofa ya wuce. Windows 10 da 11 suna ci gaba da aiki ko ba a tabbatar da su ba, sai dai rubutu ya tsaya a kusurwar fuskar na'ura, a kuma hana canza ado. Wannan yana ba da sararin yin bincike a natse, ko da yake ba ya zama lasisi. Abin da ke cinye takardu shi ne gaggawar sake gogewa karo na biyu da na uku ba tare da an kwashe su ba. Haka nan akwai wani mabuɗi daban mai lambobi 48, na BitLocker, wanda ke buɗe faifan da aka kulle bayanansa. Bai da alaƙa da lasisi, amma wanda ya taɓa madabod ba tare da ya adana shi ba yana iya rasa duk abin da ke kan faifan.

Hanyoyi biyu na gajerar zango suna jiran wanda ya gaji. Ɗaya ita ce mabuɗan da ake tallatawa a intanet a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Galibinsu na jumla ne da aka sato daga rabon wata ma'aikata ana sayarwa ɗai-ɗai. Sukan yi aiki har ranar da adadinsu ya cika ko aka toshe su, mai sayarwa kuma ya ɓace. Araha dai ba ta ado. Ɗayar ita ce ƙananan manhajojin da ke kwaikwayon kwamfutar KMS a cikin na'ura, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne a kashe manhajar tsaro. A 2021 masu bincike na kamfanin Red Canary sun gano ana cusa wata manhajar sata mai suna CryptBot a cikin irin waɗannan, tana kwashe kalmomin sirri daga na'ura. A ɗakin kwamfutar da ake shigar da sunaye da hotuna da sakamakon ɗalibai, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Makarantar da ba ta da kuɗin lasisi tana da hanya ta halal. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ba ta da mabuɗi sam, kuma ire-irenta kamar Ubuntu da Linux Mint suna tafiya a kan tsofaffin na'urori. Batun ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Lasisin 10 yana tabbatar da 11 mai aji ɗaya, amma 11 tana bukatar wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, abin da na'urori da yawa na hannu ba su da shi. Illa dai a tabbatar manhajar gwajin jarrabawa da makarantar ke amfani da ita tana hawa Linux kafin a yanke shawara.

Binciken da ya fi kowanne amfani kuwa minti biyu yake ɗauka, kuma tun na'ura tana da rai ake yin sa, ko a gaban mai shago kafin a biya kuɗi. A rubuta slmgr /dli a akwatin umarni: zai nuna aji, ya kuma nuna ko lasisin OEM ne, ko na kanti, ko na jumla. Sai a rubuta slmgr /xpr. Na'ura mai lasisin kanta za ta ce tabbatarwarta ta dindindin ce. Wadda ta nuna ranar ƙarewa kuwa aron izini take ci, kuma ranar tana cikin kwana 180 masu zuwa.